Harshen da Za Mu Bar Musu

A ɗakin sama, bisa gidan burodin Ulloa,
inda gidajen Valparaíso ke rataye jikin tudu
kamar shanyar da aka manta ba a kwashe ba,
mu uku muka kwana kan tambaya guda.

Masunta ne suka ba mu aikin:
manhajar da za ta riƙe awon kifi,
wa ya kawo, kilo nawa, nawa aka saya,
don littafin ƙungiya ya sha ruwan gishiri
har lambobinsa sun fara iyo.

Baltasar ya bugi tebur: Rust!
Mai gadi ne, in ji shi, ba ya gyangyaɗi,
kuskure ba ya shiga ko da sallama,
ga gudu kamar an koro shi.
Ximena ta hura kofinta, ba ta ɗago ba:
Sauri ya haifi nawa.
Wata shida za ka yi kana lallashinsa
kafin ya yarda ya auna sardin ɗaya.
Ni Python na sani, shi ma ya san ni,
kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Ni kuwa, ɗan ba-ruwana na ƙarya,
da nawa ɓoye a aljihu:
sabon harshe, ko yaye shi ba a yi ba,
na karanta labarinsa a motar haya,
na kamu tun ban rubuta layi goma ba.
So nake a ce ni na fara kawo shi garin nan.
Wannan ba hujja ba ce.
Na sani.

Muka cika farin allo da sunaye,
muna yi musu maki kamar alƙalan gasa.
Wajen ƙarfe biyu ƙasa ta ɗan motsa, halinta ne a nan,
cokula suka yi ƙara cikin kofuna,
ba wanda ya tashi.
Gardama ta fi girgiza ƙarfi.

Da ƙamshin burodin farko
Doña Fresia ta hawo, ma'ajin ƙungiya,
matakala ɗari da sittin a gwiwarta,
jikanta Nahuel na biye da littafin cikin leda.
Ta dubi allon kamar mai duban rubutun likita.

Ban san ko ɗaya ba, ta ce.
Amma in kuɗin aiki ya ƙare, kun koma Santiago,
ranar da abin ya ƙi tashi, ƙarfe huɗu na dare,
kwale-kwale sun iso, ƙanƙara na narkewa,
wa zan tasa daga barci?

Aka ji kukan tsuntsayen teku sarai.

Yaron, shekara sha bakwai, ɓawon kifi a farcensa,
ya kai yatsa can ƙasan allo,
kan sunan da muka fara sokewa muna dariya.
Wannan ake koya mana a makarantar dare.
Mu tara ne a aji.
Huɗu 'ya'yan masunta ne.

Baltasar ya buɗe baki, ya mayar ya rufe.
Ximena ta share allon da hannun rigarta,
ta bar PHP shi kaɗai, da tabon sokewar a fuska.

Ba kyakkyawa ba ne.
Yana ɗingishi, duk jikinsa faci,
kamar komar da kaka ya bar wa jika.
Amma akwai hannu tara da suka san ƙullinsa.

Na ja wa yaron kujerata.
Da yatsa biyu ya rubuta layin farko,
ya manta aya a ƙarshe,
na'ura ta yi ƙorafi da jan rubutu.
Na cije harshena.
Ya duba, ya sake dubawa, ya gano da kansa.

Nawa yana nan a aljihu, bai ce uffan ba.
Na laluba kusa da shi, na sami canji,
na sauka sayo mana burodi biyar.